Fitar Nijar daga CEDEAO da Hanyar Bida: Jawabin Kwamiti a Taron Bayan Kaka



Tun da aka ɗaure damin ƙarshe samari suke tare mu da tambaya guda: tunda Nijar ta fita CEDEAO, hanyar bida tana nan ko ta toshe? Wani ya ce an gaya masa sai da biza ake shiga Kano. Wani ya ce katin da ke aljihunsa ya mutu. Kwamiti ya ga gara a yi maganar gaban kowa, a kuma buga ta cikin takardarmu saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Mu fara da kwanaki, don jama'a na haɗa abu biyu wuri guda. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki a Yamai. Bayan kwana huɗu shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja suka sa wa ƙasa takunkumi. Aka rufe iyaka, aka tsai da hulɗar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Ran 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina suka ce sun fita. Dokar ƙungiyar ta ce sai shekara ta zagayo, saboda haka fitar ba ta tabbata ba sai 29 ga Janairu 2025. Ku lura, baƙar wahalar da muka sha ta watannin takunkumi ce, kuma a lokacin muna cikin ƙungiyar.

Ba sai mun tuna muku ba. Tela ya wuni yana kallon keke, mai walda da mai ƙanƙara suna jiran wuta, shinkafa da sukari suka hau, magani ya yi wuya a kanti. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil. Masu albasar Galmi suka rasa hanyar Kurmi, ita kuwa albasa ba ta san jira ba. Kaya bai daina ƙetarawa ba, ƴan kabu-kabu suna bi ta daji da buhu biyu uku, amma kowane shinge da nasa, kuma mai saye da tiya shi ke biyan duka. An ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, cikin Maris aka buɗe Ɗan Isa da Jibiya, Ƙonni da Illela.

Wadda ba ta koma daidai ba ita ce hanyar Kwatano. Benin ta buɗe nata gefen, hukumominmu suka bar gadar Gaya a rufe bisa dalilin tsaro, har cikin 2025 haka take. Mutane da ƙananan kaya sai kwale-kwale. Babban kaya ya koma Lome, ya ratso Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, ayari guda da rakiyar soja. Direbobinmu da ke zaune nan sun fi mu sanin kwana nawa ake yi ana jiran ayari ya tashi. Kwanan da mota ta yi a tsaye, mai kaya ba daga aljihunsa yake cire shi ba.

Sai matakan da gwamnati ta ɗauka da kanta. A Oktoba 2024 aka hana fitar da hatsi, gero da dawa da masara da shinkafa da wake, sai zuwa Mali da Burkina. A Mayu 2025, gab da Layya, aka dakatar da fitar da bisashe. Nan fa magana ta rabu, kuma a tabarma guda muke zaune. Ɗan'uwanmu mai albashi a Yamai ya ji sauƙin tiya, ya samu rago. Manomin da ya saba kai wakensa bakin iyaka ya biya haraji da bashin taki, da wanda ya turke rago wata shida yana jiran dillalan Maigatari, su suka ji a jikinsu. Mu a ganinmu, hana yunwa shiga gari aikin hukuma ne, ba mu ja. Sai dai wake ba gero ba ne. Wake shi ne kuɗin talaka, kuma babbar kasuwarsa Najeriya.

Akwai kuma ɗan harajin da ƙawancen ƙasashen uku, wato AES, ya sa a Maris 2025 kan kayan da ke shigowa daga waje, rabin kashi ɗaya cikin 100. A kayan jikka 200, jikka guda ke nan. In ɗan kasuwa ya ninka muku kuɗi ya ce harajin AES ne, ku yi masa wannan lissafi.

Kuɗinmu na sefa bai canja ba, don ƙungiyarsa daban ce, UEMOA, kuma fita CEDEAO ba ta taɓa ta ba. Iyaye da ke kukan aiken Legas ya ƙanƙance, kada ku zargi yaranku da rowa. Naira ce ta faɗi tun tsakiyar 2023, abin da ya aiko bai ragu ba, wajen canji ne yake narkewa.

To, mu zo kan takardu. Ranar da fitar ta tabbata, CEDEAO ta yi shela cewa fasfo da katin shaida masu tambarinta suna nan da ƙarfinsu, ƴan ƙasashen uku su ci gaba da shiga da zama ba biza, kaya su ci gaba da wucewa kamar da, har sai an sake sanarwa. Su ma ƙasashen AES tun Disamba 2024 suka ce ƙofarsu a buɗe take ga ƴan CEDEAO. An fito da sabon fasfo na AES, tsoho kuma yana aiki har kwanansa ya ƙare. Saboda haka mai maganar bizar Kano ya ji ne bai tambaya ba.

Amma ku riƙe kalmar nan, har sai an sake sanarwa. Da, yarjejeniyar 1979 ce ta ba mu kwana 90 ba biza, shugabanni suka sa hannu. Yanzu alfarma ce ake yi mana kafin a gama shawara. Ba mu ce yarjejeniyar ta taɓa zama garu ba. Tana nan Shagari ya kori baƙi a 1983. Tana nan aka rufe iyaka a 1984, ga fari, har yunwar shekarar ta ci sunan El Buhari. Tana nan aka sake rufewa a 2019. Dattawan da suka zauna Kumasi sun ga korar Busia ta 1969, tun ba a haifi ƙungiyar ba. Ƴan Abijan kuwa sun san katin zama da aka ɗora wa baƙi wajen 1990, wanda ba a ɗauke wa ƴan CEDEAO ba sai 2007. Wanda ya taɓa ɓoyewa bayan tebur don ɗan sanda na neman wannan kati, shi ya san abin da muke gudun ya dawo.

Ga abin da kwamiti ke roƙo. Kada yaro ya hau mota ba takardar haihuwa, ba katin shaida mai rai. Wanda nasa ya kusa ƙarewa ya sabunta kafin ya tafi, kada ya bari sai yana can. Mai shago ko fili a Kurmi ya tattara rasit da takardun ciniki, ya aiko da kofi gida. Kuma kada a kwashe rumbu a sayar don kuɗin mota, tunda ba mu san yadda aike zai kasance bana ba. Asusun ƙungiya zai ranta wa mai neman kati kuɗin zuwa gari, ya biya in ya dawo.

Sakatare yana gindin gawo bayan la'asar da littafi. Duk mai tafiya ya je ya rubuta sunansa, garin da za shi, da sunan maigidan da zai sauka wurinsa.