Magariba Na Matsowa: Jawabi Kan Faɗuwar Rana A Farkon Kaka

An nemi in yi bayani kan abin da kowa ke gani amma ba kowa ke lissafa shi ba, wato yadda magariba ke saurin yi idan watan Satumba ya kama.

Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana. Shi ya sa wani lokaci yini ya fi dare tsawo, wani lokaci dare ya fi. Amma sau biyu a shekara, wajen 20 ga Maris da kuma 22 ko 23 ga Satumba, rana kan daidaita a kan layin da ya raba duniya biyu, sai yini da dare su kusa zama kunnen doki a ko'ina, awa 12 kowanne. A Turai ranar ta Satumba ce farkon kakarsu. A Landan yini kan wuce awa 16 da rabi a Yuni, ya dawo ƙasa da awa 8 a Disamba. Mu nan da muke kusa da tsakiyar duniya, bambancin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta kimanin awa ɗaya ne kacal.

To, in haka ne, ina abin damuwa? Abin lura shi ne, a wannan watan duk ragin da yamma yake faɗawa. A nan Gwagwalada, ranar 1 ga Satumba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6:41. Ranar 23 ga wata ta koma wajen 6:28, ƙarshen wata kuwa 6:24. Kafin tsakiyar Nuwamba ta kai wajen 6:08, alhali a Yuli sai bakwai saura minti biyar take faɗuwa. Hudowarta kuwa kusan ba ta motsi, tana nan wajen shida da minti ashirin da 'yan kai duk tsawon Satumba. Dalili kuwa, zawali kansa yana matsowa, daga wajen 12:32 a farkon wata zuwa 12:22 a ƙarshensa, domin tafiyar rana ba daidai take da ta agogo ba. Wanda ya auna da safiya sai ya ce babu abin da ya canja, sai duhu ya riske shi a hanya.

Abu na biyu, jama'a, yawancinmu daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Zariya muka zo, kuma da yawa har yanzu da jadawalin sallar garinsu suke aiki, ko su jira kiran salla a rediyon gida. Wannan kuskure ne. Kowane digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma minti 4 ne. A ƙarshen Satumba Kano na riga mu magariba da kimanin minti 6, Maiduguri da minti 24, mu kuma muna riga Sakkwato da minti 7, Legas da kusan minti 15. A Disamba ratar da ke tsakaninmu da Kano har minti 10 takan wuce. Ke nan mai azumin Litinin da Alhamis, ko mace mai ramuwa, in suka sha ruwa da kiran sallar Kano, sun sha rana ba ta faɗi ba. Malamanmu sun sha faɗa cewa ba a buɗa baki da shakka. Waɗanda suka yi azumin shekarar 2008, wanda ya faɗo cikin Satumba, za su tuna yadda lokacin shan ruwa ya yi ta matsowa kullum.

Ga kuma hadari. A Kano ruwa kan fara ɗaukewa a ƙarshen Satumba, amma nan damina kan kai Oktoba. Sau da yawa gajimare kan rufe yamma, gari ya yi duhu, a zaci magariba ta yi alhali da saura.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku. Na farko, a samo jadawalin da aka lissafa don Gwagwalada, a liƙa a masallatanmu, ladanai kuma su riƙa duba shi kowane mako, kada a tsaya a kan lokaci guda wata da watanni. Na biyu, malaman Islamiyya su riƙa sallamar yara tun kafin ƙarfe shida daga Satumba zuwa Disamba, musamman masu tsallaka titin Abuja zuwa Lakwaja, inda manyan motoci ba sa tsayawa. A ƙasarmu da rana ta faɗi, ba a cika minti 25 ba duhu ya sauka. Na uku, masu zuwa gona da masu cin kasuwannin ƙauye su rage rabin awa daga lokacin da suka saba tasowa a Yuli.

Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Allah Ya sa mu ga kaka lafiya, Ya karɓi ibadunmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.