Bayan An Watse Daga Suna, Wa Ke Leƙa Maijego?

Jawabin kwamitin walwala a taron zagayowar shekarar ƙungiya

Shugaba, iyayenmu Hajiyoyi, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka daure suka bar shago a hannun yara suka zo, sannunku da zuwa. Ma'aji ta gama karanto mana lissafi, Allah Ya ƙara albarka. Namu bayanin ba na kuɗi ba ne, amma a ƙarshe zai taɓo asusu, don haka Ma'aji kar ki rufe littafin tukuna.

Maganar masu ciki da masu jego za mu yi. Mun iya suna, wannan ba mai musu: a fitar da anko daga Kwari, a kai turmin atamfa da kayan barka, a ci a sha. To ranar takwas fa? An kwashe rumfa da kujeru, dangi sun watse, maigida ya fita kasuwa tun safe sai bayan magariba. Daga ita sai jaririnta a ɗaki. Wadda ta tafi gida wanka tana da sauƙi, haka 'yan'uwanmu Ibo na Sabon Gari da uwa ke zuwa ta zauna musu. Amma yau mata nawa ne ke jego a gidan haya, uwa tana wani gari?

Akwai wani kuka da ke zuwa wa maijego kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, ba a yi mata komai ba sai hawaye da saurin fushi. Sinadaran da ciki ya tara ne suke sauka gaba ɗaya bayan fitar mabiyiya, ga rashin barci. Wannan yakan wuce kafin mako biyu, lallashi da hutu sun ishe shi.

Wanda ya kawo mu shi ne wanda ba ya wucewa, ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa irin tamu, kusan mace 16 cikin 100 masu ciki, da kusan 20 cikin 100 na waɗanda suka haihu, suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa wannan ciwon. Wato kusan ɗaya cikin biyar. Kowa ta ƙirga sunayen da ta je bana, ta yi lissafin da kanta. Kuma ku lura, tun da ciki yake fara wa wasu, sai a ce ai laulayi ne.

Mai wannan ciwo ba za ta ce muku tana da damuwa ba. Cewa za ta yi kanta na zafi, gabanta na faɗuwa, jiki ba ƙarfi, abinci ba ya shiga. Sai a aika kemis a sayo maganin zazzaɓi. Jariri ya yi barci, ita idonta biyu tana saƙe-saƙe, tana ganin ba ta iya uwa ba, ba ta da amfani. Mu 'yan sari muna da alamar da likita ba zai gani ba. Matar da ba ta wasa da ciniki, sabon leshi na sauka a Kwari ta riga kowa sa hotonsa a WhatsApp, yau an yi arba'in, an yi wata uku, ba ta ɗaga waya, masu bashinta ma ba ta bi, zubin adashi ya wuce ta sau biyu. Abin da za ta ji daga bakin mutane shi ne son jiki, ko "mu da muka haifi goma ba mu kwanta ba". Hajiyoyinmu, ku yi mana afuwa, wannan kalmar tana rufe bakin yarinya ruf.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Al'adarmu ce, muna son ta. Amma idan yarinya ba ta kallon jaririnta, ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata, sai a yaba a ce ta iya kara. Wani lokaci karar ce. Wani lokaci kuwa ciwo ne ya ɓuya a bayanta, kuma sai wadda ta zauna da ita su biyu, ta tambaye ta a hankali, za ta gane.

Abin ya fi kama wadda ta taɓa yinsa a haihuwar baya, da wadda ta yi ɓari ko ɗan bai zo da rai ba, da wadda ta sha wuyar naƙuda ko aka yi wa aiki. Bashi ma yana jawo shi, haka gorin haihuwar mata. Alhazai, ba mu hana abin da Allah Ya halatta ba, amma zancen ƙarin aure a kunnen mai tsohon ciki, a duba lokaci. Kuma daren da ka karɓi jariri ta samu barcin awa huɗu a jere, wallahi ka yi mata abin da ya fi shadda.

Akwai na uku, bai da yawa, mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, amma shi ne na gaggawa. Yakan zo a makonni biyun farko: kwana da kwanaki ba barci, surutai, jin muryoyi, ko ta ce ɗan ba nata ba ne. Wannan, ko duk wadda ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririn, ba a barin ta ita kaɗai da shi, kuma ranar za a kai ta asibiti, ba gobe ba. A yi ruƙiyya, a yi addu'a a masallaci ko a coci, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Ana warkewa sarai, ta dawo ta riƙe ɗanta da sana'arta.

Mun san da an ambaci Dawanau gaban kowa ke faɗuwa. To ba lallai daga can za a fara ba. A fara da inda ta yi awo, a gaya wa ma'aikaciyar jinya gaskiya, a roƙi a duba jininta, don ƙarancin jini ma yana kawo kasala. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Wata magana da shawara kawai take buƙata, wata sai da magani, kuma akwai wanda mai shayarwa ke sha, likita ne zai zaɓa. Ƙasar ma ta motsa: a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958.

Yanzu Ma'aji, ga inda muka zo wajenki. Kwamiti na roƙon taro ya amince cewa duk 'yar ƙungiyar da ta haihu, mata biyu za su je mata a mako na uku, su sake komawa bayan arba'in, ba da anko ba, ba da rakiyar jama'a ba, kuma abin da ta faɗa ya tsaya a tsakaninsu. Muna kuma roƙon a ɗaga wa maijego biyan rance na wata uku ba tara, don kada tsoron bashi ya sa ta ɓoye mana, sannan a ware kuɗin mota da na kati ga wadda za a raka asibiti. Sakatariya za ta karanto su ɗaya bayan ɗaya bayan sallar azahar, a ɗaga hannu. Mai son shiga cikin masu ziyara ta ba da sunanta a teburin bakin ƙofa, mun fi buƙatar waɗanda suka aurar da 'ya'ya.