Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Zango Kan Zanen Lissafi Mai Sanda Da Layi

Dattawa, iyaye mata, da 'yan'uwa 'yan kasuwa, maganata yau kan zanen da ake haɗa sanduna da layi ne a cikin Excel, watau manhajar lissafi ta kamfanin Microsoft.

A watan Disamba na 2022 tsadar kaya a nan Ghana ta haura da fiye da kashi 54 cikin 100 bisa ta bara. A irin wannan shekara mai albasa yakan ƙirga kuɗi ya ga sun yi yawa, ya yi murna, alhali kuwa buhunan da ya sayar raguwa suka yi. Littafin ciniki ba ya saurin tona wannan. Zane kuwa, da kallo guda an gani.

To, ga yadda akan yi. A rubuta watanni a jeri na farko daga sama zuwa ƙasa, yawan buhuna a na biyu, kuɗin da suka shigo a na uku. A zaɓe su duka, a latsa Insert, a nemi Combo. Tun Excel na 2013 aka ba shi wurinsa daban. Buhuna su zama sanduna, kuɗi su zama layi. Sa'an nan a sa alama a Secondary Axis daidai da kuɗi.

Nan ne yaran da ke taya ku suke yin sake. A ce buhu 40 ne da sidi 60,000. In aka ɗora su bisa ma'auni ɗaya, sandunan za su kwanta ƙasa, ko alamarsu ba a gani. Ma'auni na biyu shi ke ba kuɗi gefen dama, ya bar wa buhuna hagu. Lalle ku sa a rubuta sunan kowane gefe, kuma dukansu su fara daga sifili, don mai wayo yana iya taɓa ma'auni ya mai da tudu kwari a gaban abokin tarayyarsa. Inda layi ya ratsa sanda kuwa ba shi da wata ma'ana, kada a kula shi.

Masu tsofaffin littattafai su tuna, a Yuli 2007 aka canja kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. A fara raba tsofaffin lambobin da 10,000 kafin a zuba su cikin zanen.