Jawabi Kan Ritayar Dole Da Zaman Banzan Masu Digiri

Shugaban taro, sarakunan Hausawa, malamai, 'yan'uwana mazauna Kudu.

An nemi in yi magana a kan wata shawara da ake ta yayatawa, watau a tilasta wa tsofaffin ma'aikata su yi ritaya da wuri domin 'ya'yanmu da suka gama jami'a su sami gurbi. Shawara ce mai daɗin ji, musamman ga uban da ya sayar da goro a Agege ko shanu a Badun har ya ga ɗansa ya karɓi digiri, sannan ya dawo ya zauna masa a shago.

Doka dai tana nan. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yakan ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Amma ku lura inda gwamnati ta fuskanta. A 2012 an ɗaga ta farfesoshi zuwa 70. A 2022 aka mai da ta malaman makaranta 65. A 2023 kuma alƙalan manyan kotuna suka koma 70.

To, mu yi lissafi irin na kasuwa. In kowa zai yi shekara 35, kusan mutum ɗaya ne cikin kowane 35 zai sauka a shekara. In an rage zuwa 30, za a kwashe na shekara biyar a tashi ɗaya, a yi ta murna, daga nan sai a koma mutum ɗaya cikin 30. Alhali kuwa masu bautar ƙasa da ake yayewa kowace shekara dubbai ɗaruruwa ne. Ba mu manta da watan Maris na 2014 ba, lokacin da samari da 'yan mata suka mutu a turmutsutsu wajen neman aikin Hukumar Shige da Fice, guraben ba su kai 5,000 ba. Bugu da ƙari, wanda aka sallama sai an biya shi fansho, kuma sau da yawa shi ne mai ciyar da wancan yaron da ke neman aikin.

An taɓa gwada irin wannan. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000. An yi tafi, amma darasin da waɗanda suka rage suka ɗauka shi ne kowa ya yi wa kansa tanadi tun yana kan kujera, ta kowace hanya.

Mu kuma muna da namu ciwon na daban. Yaron da aka haifa a Sabo, in gurbi ya faɗi a jihar da ya tashi, sai a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. In ya tafi gida, a ce ba a san shi ba. Ritayar wani ba za ta warware masa wannan ba.

Saboda haka abin da nake ganin ya kamata wakilanmu su nema shi ne a aiwatar da dokar da ke akwai. A binciki masu zuwa kotu su yi rantsuwa su rage shekarunsu, a daina mai da wanda ya yi ritaya bakin aiki da sunan kwantaragi, kuma duk gurbin da ya faɗi a buga shi a jarida kowa ya gani.