Irin da Aka Sauya wa Ƙwayar Halitta a Iyakar Najeriya da Nijar: Dokar Jirgin Ruwa, Fataucin Buhu



Ba zan ɓata lokaci kan ko irin GMO na da illa ko ba shi da ita ba. Maganata a kan iyaka take. Yarjejeniyar Kartahena, wadda aka amince da ita a Janairun 2000 ta fara aiki ranar 11 ga Satumba 2003, ta raba kayan GMO da ke ƙetare iyakar ƙasashe gida biyu. Idan iri ne na shuka, dole a sanar da ƙasar da za a kai wa tun kafin kaya su tashi. Ita kuma tana da kwana 90 ta nuna saƙo ya iso, da kwana 270 ta yanke hukunci. Idan hatsin ci ne ko abincin dabbobi, ƙa'idar ta yi sauƙi: ƙasar da ta amince da shi ta shigar da bayani a rumbun bayanan yarjejeniyar cikin kwana 15, takardar rakiya kuma ta nuna mai yiwuwa akwai irin wannan ƙwaya a ciki. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar.

To, wannan rabo na masu jiragen ruwa ne. Ya yi amfani a 2022, lokacin da hukumar NBMA ta Najeriya, wadda dokar 2015 ta kafa, ta ba da izinin shigo da alkamar HB4 ta Ajantina. Amma a Jibiya fa? A Illela, a Maigatari? Manomin da ya sayi tiya biyu ta masara a kasuwar Maraɗi zai kai rabi injin niƙa, rabi ya ɗaure a bakin tsumma ya rataye sai ruwan shuka ya sauka. A wane gida za mu sa wannan tiyar?

Wannan ba hasashe ba ne. A Disambar 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T na cibiyar IAR da ke Samaru, mai jure tsutsar maruka. A Janairun 2024 aka saki masarar TELA kala huɗu, daga SAMMAZ 72T zuwa 75T. Masarar Najeriya kuwa kowa ya san inda take nufa idan ta bar Dawanau: arewa, ta iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500. A kan buhun sai sunan ɗan kasuwa da aka rubuta da alƙalamin maka. Jami'in kwastan zai soka, ya duba ƙwaya a tafin hannunsa, ya ce masara ce. Ido ba ya bambance su.

Duk lokacin da aka tayar da wannan batu, jami'ai sai su karanto mana sassan doka da tarar da ta tanada. Mun ji. Wa aka tanadar wa kayan gwaji a bakin iyaka? Takardar gwaji ta nan take tana gano sinadarin Bt da ke cikin irin wannan wake da masara cikin 'yan mintuna, ba ta buƙatar lantarki.

Sashe na 14 na yarjejeniyar Kartahena ya ba ƙasashe biyu damar ƙulla yarjejeniya tsakaninsu, kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara wa wannan hanya muhimmanci. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan a Yamai tun 1971. A ɗora mata aikin. A kuma tilasta wa kamfanonin iri su yi alama a jikin buhu da Hausar boko da ajami, a zauna da shugabannin 'yan hatsi na Dawanau da Maraɗi kafin damina mai zuwa.