Duniya Ta Shigo Aljihunmu



Cuɗanya da duniya ba yau muka fara ba. Kakanninmu fatake sun je Gwanja sayen goro, ayarin Damagaram ya ratsa hamada har Tarabulus. Sun dawo da haja, ba su baro sallarsu da kunyarsu can ba.

Yau kuwa duniya ke iske mu cikin salula. Yaro ya ji wa'azin minti biyu a TikTok, sai ya tashi yana kafirta limamin da ya raɗa masa suna. Abin tsoron ke nan fa!

Ku nemi ilimi ko'ina, amma ku zaɓa yadda falke ke zaɓen goro. Kafin ku tura saƙo, ku tambayi malami.

Allah ya tsare mana addini da zumunci.