Tsuntsun da ya zo da kansa

Yau hirar tsuntsaye za mu yi. Na san da yawanku kuna sha'awar ajiye wani abu mai rai a gida, wani mage, wani aku, wani kanari a keji. Sai dai ko gidan haya ne, ko Hajiya ta ce ba dai a gidanta ba, ko kuɗin abincin ya fi ƙarfin aljihu. To akwai hanyar da ni na fi so a kan duk waɗannan: ka bar tsuntsu a sake, ka sa ya riƙa zuwa wurinka don kansa.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a gidan da ake surfe da bakace ya san yadda kurciya da gwara ke sauka gindin turmi suna tsintar abin da ya zuba. Yanzu an malale tsakar gida da siminti, niƙa sai inji, bishiyar ƙofar gida an sare an yi shago. Abin da iyayenmu suka yi ba tare da sun shirya ba, mu sai mun yi shi da niyya.

Ka fara da ruwa, tun kafin tsaba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, ƙaramin tsuntsu ya fi wahalar samun ruwa a kan abinci. Nemi kasko mai faɗi marar zurfi, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya, ka jefa dutse a tsakiya don ƙananan su samu wurin tsayawa. Ajiye shi a inuwa, inda za su hango abin da ke tahowa ta kowane ɓangare. Sai tsaba: gero, tsakin dawa ko na masara, tafi ɗaya ya isa. Kada ka ba su abin da ya yi fumfuna ko mai gishiri. Ragowar shinkafa da miya kuwa ɓeraye kawai za ta gayyato maka.

Daga nan sai haƙuri. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum. Ni da sassafe nake zubawa, in koma gefe in zauna da shayina. Kwanakin farko ba lallai ka ga kowa ba. In sun fara zuwa, kada ka zuba musu ido kai tsaye, kada ka zabura neman waya don ɗaukar hoto. Duk bayan 'yan kwanaki ka matso da kujerarka kaɗan. Ba kamawa za ka yi ba, so kake su saba da kai har su ɗauke ka kamar turmin da ke gefe.

In ka zauna ɗin, za ka fara ganin abin da ba ka taɓa lura da shi ba. Yawancin tsuntsaye in sun ɗebi ruwa sai sun ɗaga kai sama ya gangara. Kurciya kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa, ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi. Ƙwai biyu take yi, kuma uwa da uba duka suna ciyar da 'ya'yan da wani abu mai kama da madara da ke fitowa daga maƙoshinsu.

Amma wanda ya fi shiga raina shi ne ɗan jan tsuntsun nan da ake kira baiwar Allah. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, namijin ja, macen ruwan ƙasa da ɗan ja wajen wutsiya. Ba shi da tsoron mutane sosai, har ɗaki yana shiga, yana yin sheƙa a jinka ko a ramin bango. To akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, girmansu kusan ɗaya, wanda macensa ba ta yin sheƙa sam. Sai ta faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah. Idan ɗan ya ƙyanƙyashe ya buɗe baki, zanen da ke cikin bakinsa iri ɗaya ne da na 'ya'yan masu gida, don haka iyayen riƙon suke ciyar da shi tare da nasu. Ba ya kashe 'ya'yan gidan, tare suke girma. Idan namiji ne, kukan uban riƙonsa yake koya, kuma da wannan kukan yake neman mata. Wallahi wannan duk yana iya faruwa a bayan ɗakinka, kai kana can kana kallon shirin namun daji a waya.

Wani zai ce, to su sun san ni ne, ko tsabar kawai suka sani? Tsabar ce ta kawo su, wannan ba musu. Amma a 2006 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka sun sa wata fuskar roba suka kama hankakin can, 'yan'uwan namu mai farin ƙirji, sannan suka sake su. Shekaru bayan nan, duk wanda ya sa wannan fuskar sai hankaki su bi shi da ihu, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Ba kowane tsuntsu ke da kan hankaka ba, amma ni dai na ga kurciyoyin da ke ci ina zaune, baƙo na shigowa su watse.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, don a nan alheri ke iya zama cuta. Idan ka tara tsuntsaye a kasko ɗaya, ka tara musu cutukansu ma. A Ingila, inda ciyar da tsuntsayen lambu ya zama ruwan dare, tun daga 2005 wata cuta da ke toshe maƙogwaro ta yi wa wani ɗan koren tsuntsu mummunar ɓarna, kuma wuraren ci da sha na gidaje na cikin hanyoyin da take yaɗuwa. Cutar dama sananniya ce a jikin tattabaru da kurciyoyi, wato manyan baƙinmu. Don haka kullum ka zubar da ruwan jiya, ka goge kaskon, lokaci lokaci ka shanya shi a rana. Wannan ma shi zai hana sauro hayayyafa a ciki. In ka ga tsuntsu ya kumbura gashi, ya kasa haɗiya, ɗauke kaskon da tsabar na mako biyu su watse. In kuma kuna da kaji, ka raba musu wurin sha. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ba ta bar masu kiwo da daɗi ba. Matacce kuwa kada ka ɗauka da hannu tsirara.

Sai mage da yaran unguwa masu danƙo. Ka koya wa tsuntsu yarda da mutum, to kada ka ajiye masa abinci a inda za a yi masa kwanton ɓauna. In akwai mage a gidan, ɗora kaskon a sama, nesa da katangar da za ta iya dirowa. Yaran kuwa, ka ba ɗaya daga cikinsu aikin canza ruwan. Wanda ya ga kurciya tana wanka a kaskon da shi ya cika, da wuya ya ɗauko mata dutse.

Masu son aku, ban ce ku mugaye ba ne. Amma ku san cewa akun nan mai toka da jar wutsiya, bincike ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 cikin 100 ko fiye na yawansa tun daga 1992, saboda kamawa don sayarwa da saran daji. A 2016 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Kafin ka saya, tambayi mai sayarwa daga ina ya fito.

In tafiya ta kama ka, tsaba ba damuwa, za su nema a wani wuri kamar yadda suka saba. Ruwan ne, musamman da bazara, za ka bar wa wani amana.